Yadda ake jawo tana ta zauna a ƙasar lambu

Shekarar da na fara lambu da gaske na tafka wautar da har yau nake yi wa kaina dariya a kanta. Na ji ana cewa tana tana gyara ƙasa, sai na sayo cikin roba guda, jajaye, suna ta mutsu-mutsu, na juye su a fangali, na rufe da ƙasa, na koma gefe ina jiran lambu ya sake kamanni. Bayan mako uku na tona, ko ɗaya ban samu ba. Ƙasar na nan yadda na bar ta, busasshiya, tsirara, da tauri kamar daɓe. Baƙi na kawo gidan da babu ci, babu sha, babu inuwa. Waɗanda suka iya gudu suka gudu, sauran suka mutu.

Tun daga ranar na daina tambayar inda zan samo tana, na koma tambayar me ya hana ta zama. Abu huɗu take nema: abinci, danshi, rufi, da a bar ta ta sarara. In ƙasa ta samu waɗannan, da ƙafarta take zuwa, ko da yake ba ta da ƙafa, daga gindin shinge, daga ƙarƙashin bishiya, ko daga ƙwayayen da suka daɗe kwance a ƙasar suna jiran lokaci ya yi kyau.

Wahalar kuma ba ta banza ba ce. A 2014 wasu masana, ƙarƙashin jagorancin Jan Willem van Groenigen na Jami'ar Wageningen da ke ƙasar Holan, sun tattara sakamakon gwaje-gwaje masu yawa, suka ga cewa inda akwai tana amfanin gona kan ƙaru da kusan kashi 25 cikin 100. Abin da ya fi jan hankalina a binciken shi ne ƙarin ya fi yawa inda ake mayar wa ƙasa ragowar tsirrai, yana kuma dusashewa inda aka riga aka cika ƙasa da takin naitrojin, sinadarin da shuka ke buƙata don girma. Wato sai ka ba ta abin aiki take yi maka aiki.

Ka san wadda kake nema

Akwai nau'in tana sama da 6000 a duniya, amma mai lambu rukuni uku ya ishe shi, kamar yadda masanin nan na Faransa, Marcel Bouché, ya kasa su a shekarun 1970.

Akwai 'yan sama, ƙanana, jajaye, masu saurin motsi. A cikin ruɓaɓɓen ganye da tarin taki suke zama, ba sa haƙa rami na kirki. Irin su ne ake sayarwa don yin taki a akwati, kamar Eisenia fetida da kuma Eudrilus eugeniae mai son ɗumi. Su na saya, shi ya sa suka ƙi zama. Akwai 'yan tsakiya, masu launin toka-toka ko ruwan hoda mai haske, da ke ratsa ƙasa a kwance tsakanin saiwoyi, suna cin ƙasar da kanta suna fitar da ita da laushi. Sai manya, masu duhun kai, irin su Lumbricus terrestris, da ke haƙa rami a tsaye wanda zai iya kai mita 2, su zauna a cikinsa shekara da shekaru. Da dare sukan leƙo, wutsiya na maƙale a rami, su ja ganye zuwa ciki.

Rukuni biyu na ƙarshe su ne ma'aikatan fangali. Duk matakan da ke tafe dominsu ne.

Mataki na farko: ƙirga abin da kake da shi

Gani ya kori ji. Kafin ka canja komai, ka tona ka ga inda kake. Ka zaɓi lokacin da ƙasa ke da danshi, kwana ɗaya ko biyu bayan ruwa mai kyau, da safe. In ka tona a tsakiyar fari ko cikin tsananin sanyi, ƙirgar za ta yi maka ƙarya, domin a lokacin sun nutse can ƙasa.

Ka shimfiɗa buhu. Ka yanko ƙasa da shebur, santimita 30 tsawo, 30 faɗi, 30 zurfi, ka ɗora a kan buhun, ka dinga marmasa ta da hannu kana tsince tana kana sa wa a kwano mai ɗan jiƙaƙƙen ganye. Ka ware manya daga 'ya'ya: wadda ta balaga za ka ga ɗamara mai kauri a jikinta kusa da kai. Ka lura da ƙwayayenta ma, 'yan ƙanana ne kamar ƙwayar hatsi, masu siffar lemun tsami, rawaya ko ruwan ƙasa. Sannan ka leƙa gindin ramin. In ka ga huji mai faɗin fensir ya miƙe ƙasa, manyan suna nan, motsin shebur ne ya sa suka tsere.

Ma'aunin da masu lambu suka saba da shi: goma ko fiye a rami irin wannan, ƙasa na da lafiya. Biyu ko uku, akwai aiki. Ƙasa mai yashi sosai dama ba ta tara tana da yawa, saboda saurin bushewa da kaushi, don haka kar ka gwada ta da ƙasa mai laka. Ka yi haka a wuri uku zuwa biyar, ka rubuta adadi da kwanan wata. Da ka gama ka mayar da su ramin ka rufe, rana ba ta yi musu da daɗi ko na 'yan mintuna.

In ba ka son tono, akwai dabarar garin mastad, wani iri mai yaji da ake sa wa abinci: giram 40 a lita 4 na ruwa, a zuba a hankali a kan fili mai faɗin santimita 30 kowane gefe. Yana yi musu ƙaiƙayi a fata sai su fito, har da manyan. Ka ɗauraye su da ruwa mai tsabta, ka sake su a gefe, inda ruwan bai taɓa ba.

Mataki na biyu: rage tono

Wannan shi ne mafi wuya, ba don yana da nauyi ba, sai don hannun mai lambu ba ya son zama. Mun taso muna ganin ƙasar da aka kifar, ta yi lumus babu ko tsinke, ita ce alamar mai himma. A wurin tana kuwa wannan girgizar ƙasa ce.

Duba abin da kifar da ƙasa ke yi. Yana datse wasu. Maganar da ake yi cewa in an raba tana biyu kowane ɓangare zai rayu ba haka take ba: ɓangaren kai kan iya warkewa in an yanke can bayan ɗamara, wutsiyar kuwa yawanci mutuwa take yi. Yana baje wasu a fili, tsuntsaye su yi biki. Yana rushe ramukan manya, waɗanda su ne magudanar da ruwan sama ke bi ya shiga ƙasa, kuma su ne hanyar da saiwa ke bi ta nutsa. Yana binne abincin da suke ɗauka daga sama, ya kuma buɗe ƙasa ga iska ta bushe. Injin huɗa mai wuƙaƙe masu juyawa ya fi kowa ɓarna. Manyan nan kuma ba sa saurin mayar da gurbi: Lumbricus terrestris kan yi kusan shekara kafin ta balaga, alhali 'yan sama wata biyu ya ishe su.

Mai shakkar ko ƙasa za ta juyu ba tare da fartanyarsa ba, ya ji abin da masanin halittu Charles Darwin ya yi. A Disamba 1842 an watsa gutsattsarin alli a wani fili kusa da gidansa a Ingila. Ya bar wurin, sai a Nuwamba 1871, bayan shekara 29, aka haƙa rami. Allin yana nan a jere, amma a zurfin inci 7, kusan santimita 18. Babu wanda ya binne shi. Tana ce ta yi ta fito da ƙasa daga ciki tana zubawa a sama. A kan wannan halitta ya rubuta littafinsa na ƙarshe a 1881. Har gwaji ya yi da 'yan takardu masu kusurwa uku, ya ga galibi ta gefen tsini suke jan su zuwa rami, yadda za su fi saurin shiga. Halittar da ba ta da ido ke nan.

To ga yadda za ka yi. Ka yanka fangula na dindindin, faɗin kowanne kada ya wuce mita 1 da santimita 20, yadda hannunka zai kai tsakiya daga kowane gefe. Ka bar hanya tsakaninsu, kamar santimita 40 zuwa 50. Daga yau ƙafa a hanya, shuka a fangali. Takawa na danne ƙasa, musamman in da lema, tana kuwa da jikinta take tura ƙasa, ba ta da abin fasa daɓe.

In ƙasar ta riga ta daskare, ka sassauta ta sau ɗaya. Ka samu shebur mai yatsu, ka soka, ka girgiza gaba da baya har ƙasa ta tsage, ka zare, ka matsa taki ɗaya ka sake. Kar ka kifar. Ka yi wannan lokacin da ƙasa ta ɗan sha iska, domin a lokacin tana ta yi ƙasa.

Ciyayi, ka cire da hannu ko ka kankare da fartanya sama-sama, santimita 2 zuwa 3. Dashe, rami daidai girman saiwa. In ka gama girbi, kar ka tumɓuke: ka yanke kara daidai ƙasa ka bar saiwar ta ruɓe a ciki, sai dai shukar da ta kamu da cutar saiwa, ita kam a fitar da ita gaba ɗaya. Amfanin da ke yin ƙwaya a cikin ƙasa dole a tona, babu makawa. Sai dai kar ka tone dukan lambu a shekara guda. In wannan fangali ya sha tono bana, na kusa da shi ya huta, daga can za su dawo.

Mataki na uku: abinci, kuma daga sama

Tana ba ta da haƙori. Ƙundu gare ta kamar kaza, da 'yan ƙwayoyin yashi take niƙa. Saboda haka ba ta cin ɗanyen ganye kai tsaye, sai ya fara laushi, ƙananan halittun da ido ba ya gani sun hau shi. Su ma wani ɓangare ne na abincin nata.

Abin da ya fi komai shi ne ruɓaɓɓen taki. Ka baza santimita 3 zuwa 5 a kan fangali, sau ɗaya ko biyu a shekara, ka bar shi a sama. Kar ka cuɗa. Su za su ja shi ciki.

Kashin dabbobi abinci ne mai kyau, na shanu, na doki, na zomo, amma sai ya kwana biyu. Nan ma na taɓa cin tuwon hannuna. Na samu kashin kaji ɗanye, na lafta shi da kauri a fangalin da na fi ji da shi, wai ina yi masa gata. Garin neman ƙiba na samo rama. Washegari na tarar da tana a sama, sun yi laushi sun mutu, ganyen shuka kuma ya ƙone ta baki-baki. Ɗanyen kashin kaji cike yake da amoniya da gishiri, fatar tana kuwa a buɗe take ga duk abin da ya narke a ruwa. Ka tara taki a gefe, ka gauraya shi da busasshen ganye ko ciyawa, ka dinga jiƙawa da juyawa, wata uku zuwa shida. Hancinka ne alƙali: in har yana yi maka yaji a hanci, bai nuna ba. In ya koma ƙamshin ƙasar da ruwa ya taɓa, kuma ka sa hannu ba ka ji zafi ba, ya yi. Akwai kuma lafiyar mai ci. Dokar noman da ba a sa sinadari a Amurka ta ce in aka zuba ɗanyen taki, sai an jira kwana 120 kafin girbin abin da ke taɓa ƙasa, kwana 90 ga wanda ba ya taɓawa. Ma'auni ne mai kyau ko a ina kake.

Busasshen ganye, kar ka ƙone shi. Duk lokacin da na ga hayaƙi na tashi daga tarin ganye a lambu sai in ji kamar hatsi ake ƙonawa. Ganye mai laushi ya fi karɓuwa. Mai kauri ko mai mai a jiki, irin na bishiyar turare, yana daɗewa bai ruɓe ba kuma ba su cika son sa ba, sai a daddatsa shi a haɗa da wasu.

Ragowar kayan girki kuma, ɓawon kayan lambu da na 'ya'yan itace, ganyen shayin da aka gama da shi, dakakken ɓawon ƙwai, ga hanya mai sauƙi. Ka haƙa rami mai zurfin santimita 25 zuwa 30 a bakin fangali ko inda babu shuka, ka zuba, ka rufe da ƙasa aƙalla santimita 15 saboda ɓera da ƙuda. Mako mai zuwa ka matsa gaba kaɗan. Na san na ce a rage tono, amma ƙaramin rami a wuri ɗaya daban yake da kifar da fangali. Bayan wata biyu ka leƙa ramin farko, galibi nan za ka fara ganin taro. Ban da nama, ban da mai, ban da duk abin da aka sa wa gishiri. Ɓawon lemu da albasa, kaɗan-kaɗan.

Dusar katako ta zauna a sama kawai, siririya, ko a kan hanya. In ka cuɗa ta cikin ƙasa za ta riƙe naitrojin yayin da take ruɓewa, shuka ta yi rawaya.

Mataki na huɗu: kar ƙasa ta kwana tsirara

Rufi shi ne rabin aikin. Ƙasar da rana ke duka kai tsaye kan yi zafin da tana ba ta iya ɗauka. Irin na ƙasashen sanyi sun fi kuzari tsakanin digiri 10 da 20 a ma'aunin Salshiyas, na ƙasashen zafi tsakanin 20 da 30, kuma da zafin ƙasa ya haura 35 yawancinsu na cikin haɗari. Sa hannunka a ƙarƙashin tarin ciyawa da tsakar rana, sannan ka taɓa filin da ke gefensa, ba sai an yi maka bayani ba.

Ka fara jiƙa ƙasa sosai. Rufe busasshiyar ƙasa kamar rufe tukunyar da babu komai a ciki ne. Sannan takin nan na mataki na uku. Sannan rufi a kai: busasshiyar ciyawa wadda ba ta yi iri ba, ganye, daddatsen kara, kauri santimita 5 zuwa 8, inda zafi ya yi yawa har 10. Ɗanyar ciyawa sabon yanka, a bar ta ta sha iska kwana biyu, a kuma baza ta siririya, in ba haka ba takan dunƙule ta yi zafi ta yi wari. Ka bar tazarar yatsu uku tsakanin rufi da gindin shuka don kada ya ruɓe.

Kwali ma yana aiki, musamman in sabon wuri kake buɗewa mai ciyayi. Mara sheƙi, a cire salatif da ƙusoshin waya, a jiƙa shi sharkaf, a jera gefe na hawa kan gefe, a ɗora taki da ciyawa a kai. Ɗaga kwalin bayan wata ɗaya abin kallo ne. Baƙar leda kuwa ban ba da shawara ba inda ake zafi: takan hana ciyayi, amma dafa ƙasa take yi, kuma babu abin ci a jikinta.

Rufi na da nasa matsaloli, ba zan ɓoye ba. Inda lema ta yi yawa dodon koɗi kan ɓuya a ciki, sai a rage kauri a kusa da ƙananan tsirrai, a riƙa dubawa da dare. Inda ake zafi da bushewa gara kan far masa. Ni ba na tayar da hankali a kan garar da ke cin busasshiyar ciyawa a fangali, ita ma huda ƙasa take yi, amma ina nisanta rufin daga gindin ƙananan bishiyoyi da jikin gini. Iri mai ƙanana kuma ba ya iya fasa rufi, sai ka ja shi gefe, ka shuka, in tsiro ya kai tsawon yatsa ka mayar.

In ka ga rufin yana raguwa kamar ana sata, kar ka damu, ka ƙara. Alamar ana ci ke nan.

Mataki na biyar: ruwa

Tana ba ta da huhu, da fata take numfashi, kuma sai fatar na da lema iska ke ratsawa. Mafi yawan nauyin jikinta ma ruwa ne. In ƙasa ta fara bushewa takan nutsa, wasu su naɗe kamar ƙulli a cikin ɗan ɗaki da suka shafe da yauƙi, su daina ci su jira. In ka tono irin wannan kar ka ɗauka ta mutu, ka mayar ka rufe.

Ban ruwa mai zurfi jefi-jefi ya fi yayyafi kullum. Ruwa ya ratsa santimita 15 zuwa 20. Gwaji: ɗebo ƙasa daga zurfin tafin hannu ka matse. In ta dunƙule ba ta ɗiga ba, daidai. In ta warwatse, ƙara ruwa. In ruwa ya fito ta tsakanin yatsu, ka wuce gona da iri. Ruwan da ya kwanta kwanaki iskarsa kan ƙare, ya kore su ko ya kashe su, saboda haka wuri mai riƙe ruwa a ɗaga fangalinsa kamar santimita 15 zuwa 20, a fitar masa da magudana.

In ruwa ba zai ishi dukan lambu a lokacin fari ba, ka keɓe mafaka: wuri ɗaya mai inuwa, ko da mita 1 ne kowane gefe, rufi mai kauri, ruwa sau ɗaya ko biyu a mako. Daga nan za su bazu in ruwa ya dawo. Ruwan wanki mai omo ko bilic kada ya je kusa.

Mataki na shida: duba abin da kake zubawa

Yawancin tana sun fi son ƙasar da ba ta da tsami sosai, tsakanin 6 da 7 a ma'aunin tsami da ake kira pH. In ka auna ka ga ya sauka ƙasa da 5.5, garin farar ƙasa irin na noma zai gyara, bisa adadin da gwajin ƙasar ya nuna, ba da ka ba. Toka ma na rage tsami, amma da ƙarfi take aiki: barbaɗe kaɗan, ko a bi da ita ta cikin tarin taki. Tulin toka a wuri ɗaya ƙona su yake yi.

Takin zamani, gaskiya ba dodo ba ne kamar yadda wasu ke zuzutawa. In aka sa daidai, shuka ta yi kyau, ganye da saiwa sun yi yawa, tana ma ta amfana. Matsalar ita ce lafta shi da yawa a busasshiyar ƙasa, da kuma nacewa a kan takin amoniyam salfet shekara bayan shekara, wanda ke tsamar da ƙasa. Ka raba shi kashi-kashi, ka bi da ruwa.

Magungunan feshi su ne abin tsoro. Kabaril, cikin magungunan ƙwari, mugun dafi ne ga tana. Haka kabendazim da benomil cikin na fumfuna. Masu jan ƙarfe a ciki kuma taruwa suke yi a ƙasa ba sa tafiya, shi ya sa tsofaffin gonakin inabi da na 'ya'yan itace da aka daɗe ana fesa musu su ke da ƙarancin tana. Ka karanta sunan sinadarin a jikin kwalba, ba sunan kasuwa kawai ba. In feshi ya zama dole, a kan ganye, daidai shukar da ta kamu, ba a jiƙa ƙasa da shi ba.

Mataki na bakwai: saiwa mai rai

Fangalin da babu abin da za ka shuka a ciki yanzu, kar ka bar shi haka. Ka watsa wake ko wani cikin danginsa, ko haɗe da wani nau'in hatsi. Kafin su yi iri ka yanke daidai ƙasa, ka kwantar da ganyen a wurin. 'Yan tsakiyar nan a gindin saiwa suka fi taruwa. Ka kuma bar ɗan zirin ciyawa da ba a taɓawa a bakin lambu.

Kaji, a killace su. Awa ɗaya a kan fangali mai rufi ta ishe su su watsar da aikin wata uku.

In an yi duk wannan ba a ga ko ɗaya ba

Yakan faru a filin da aka yi gini aka kwashe ƙasar sama, ko fangalin da aka cika da ƙasar saye a kan siminti. Tana ba ta da sauri. Garkenta kan bazu kamar mita 5 zuwa 10 ne a shekara, don haka in babu ita a kusa, jira zai yi tsawo.

A nan ne kawai kawo ta ke da ma'ana, kuma bayan an gyara gida. Ka nemi wuri a kusa mai ƙasa irin taka inda suke da yawa, da izinin mai wurin, ka yanko ƙasa dunƙule guda da ciyawarta, faɗin shebur da zurfinsa. A ciki akwai manya da 'ya'ya da ƙwayaye. Ka dasa dunƙulen a fangali da yamma, ka jiƙa, ka rufe. Uku ko huɗu sun isa ƙaramin lambu. Ka tabbata dai wurin ba shi da muguwar ciyawa ko cutar ƙasa, kada ka sayo wa kanka rigima.

Kar ka ɗauko daga nesa, kar kuma ka zubar da ragowar tanar kamun kifi a daji. Dazuzzukan arewacin Amurka, wajen manyan tafkunan da ke kan iyaka da Kanada, sun yi dubban shekaru babu tana tun bayan da ƙanƙarar da ta taɓa rufe yankin ta janye. Da aka shigo da na Turai, daga baya kuma masu tsalle na Asiya da ake kira Amynthas, sai suka cinye shimfiɗar ganyen da ƙananan tsirran dajin suka dogara da ita. Shukar tukunya ma a duba gindinta kafin a dasa. Wata shimfiɗaɗɗiyar tsutsa 'yar asalin New Zealand, wadda aka fara gani a birnin Belfast na Arewacin Ailan a 1963, ta hanyar cinikin tsirrai ta bazu a Ailan da Birtaniya, kuma abin da take ci shi ne tana.

Jajayen nan na sayarwa, wurinsu akwati ko tarin taki a inuwa. Can suna da amfani ƙwarai, kashinsu kake ɗiba ka kai fangali.

Sake ƙirgawa

Sannu ba ta hana zuwa. A watanni uku na farko abin da za ka fara gani shi ne 'yan dunƙulen kashinsu a ƙarƙashin rufi, kamar an matso laka ta ƙaramin bututu, da ƙananan huji. In manyan sun iso, za ka ga 'yan tsibin ganye da tsinke a tattare, kowanne da rami a ƙarƙashinsa. Kar ka share su, ƙofar gida ce da rumbu a haɗe. Ruwa kuma zai fara shigewa da sauri maimakon ya kwanta ko ya gangare.

Bayan shekara guda, a wata ɗaya da na bara, da irin danshin bara, ka koma wuraren da ka tona ka sake ƙirgawa, amma ka matsa taki ɗaya daga tsohon ramin. Kar ka tsaya a jimla kawai. 'Ya'ya da yawa na nufin suna haihuwa a wurin. Manya zalla babu 'ya'ya na nufin baƙi ne masu wucewa, ko wani abu na kashe ƙananan, galibi bushewar saman ƙasa. Jajayen sama kaɗai babu masu ramin tsaye na nufin abinci ya wadata amma ƙasan a danne yake ko ana yawan tona shi. Fangalin da ya fi kowanne ƙaranci, ka tona gefensa har santimita 40 ka duba ko akwai wani tauri a kwance da ke tare ruwa da saiwa. In akwai, shebur mai yatsu sau ɗaya, sannan ka shuka masa abu mai doguwar saiwa a wannan zagayen.